Alhaji, Ina Takardar Wannan Aiki?

TAMBAYA: Malam, ni ɗan kwangilar gini ne a Tudun Wadan Zariya. Ina da aiki uku a hannu: gidan bene a Hanwa, shaguna a Dakace, da katangar wata makaranta. Siminti da rodi suna ɓace mini, lissafin leburori kuma ba ya taɓa daidaituwa. Ɗan ƙanwata da ya karanta kwamfuta ya ce zai ƙera mini manhaja tawa ta kaina, in riƙa ganin komai a waya. Muka yi magana a kan naira miliyan 4.5 cikin wata uku, na ba shi miliyan 3. Yau wata tara ba ta kammala ba. Yanzu yana neman ƙarin miliyan 1.5 da N60,000 duk wata na inda ake ajiye bayanan. Ya ce idan ta kammala za mu sayar wa 'yan kwangilar Kaduna da Kano, za ta fi ginin kawo kuɗi. In ƙara ne, ko in haƙura?

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kada ka ƙara ko kwabo a yanzu.

Na bi wasiƙarka daga sama har ƙasa ina neman inda za ka ce "mun rubuta", ban gani ba. Ka ce "muka yi magana". Nan ne kuɗinka ya fara zuba, kuma nan zan tsaya a kanka.

Kai maginin mutane ne. In wani ya tare ka a unguwar Kwangila ya ce ka gina masa gida, da ka tambaye shi zane ya ce ai ka san yadda gida yake, za ka haƙa harsashi? Ba za ka haƙa ba. Sai an kawo zane, an fitar da lissafin bulo da rodi da kwano, an rubuta nawa ne kafin alƙalami, nawa za a biya in an kai linta, nawa in an yi rufi. In aikin hukuma ne ko na kamfani, har riƙe maka wani kaso ake yi, sau da yawa kashi 5 cikin 100, sai an ga ginin bai tsage ba. Duk wannan ka san shi fiye da ni. Amma da aka zo aikin da ba ka iya dubawa da idonka, sai ka miƙa kashi biyu cikin uku na kuɗin a kan maganar baki, saboda mai karɓa yana ce maka Kawu, kuma kana jin nauyin uwarsa.

Ban ce yaron ya cuce ka ba. Mafi yawan waɗannan yara da gaskiyarsu suke farawa, kuma Zariya ba ta rasa masu ƙwaƙwalwa, ga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ga Kwalejin Nuhu Bamalli. Matsalarsa ita ce bai taɓa yini a wurin gini ba, kai kuma ba ka rubuta masa yadda aikinka yake tafiya ba, don kai kanka a ka kake riƙe da shi. Shi a tunaninsa siminti yana shigowa sito, sannan ya fita zuwa kwaɓi, shi ke nan. Bai san cewa mota za ta sauke buhu 300 a Hanwa da safe, kafin azahar ka buga waya ka ce a ɗora 20 a a-kori-kura a kai Dakace don zubi ya tsaya ba. Bai san birkila aikin jinga yake yi, ana ƙirga masa bulon da ya ɗora, lebura kuma kuɗin yini yake karɓa, kuma rabinsu sun ci bashi tun ranar Laraba za a cire ranar biya ba. Bai san tifar yashi ba girma ɗaya ba ce, ko cewa mai rodi yakan kawo kaya yau rasit ya biyo bayan mako biyu. Duk ranar da ka buɗe manhajar ka ce "ina wurin rubuta aron kaya?", ka ƙara masa aikin da bai saka a farashi ba, kuma wani lokaci sai ya warware abin da ya riga ya yi. Haka wata uku ya zama tara. In ka ba shi miliyan 1.5 yau a kan irin wannan tafiya, wata shida masu zuwa za ku sake zama a kan wani ƙarin, domin babu takardar da ta faɗi ranar da za a ce aiki ya ƙare.

Akwai kuma abin da nake so ka cire daga ranka. Manhaja ba ta ƙirga buhu. Mutum ne yake ƙirgawa ya shigar. Na san wani ɗan kwangila a Sabon Gari da ya kashe kuɗi mai kauri aka yi masa irin wannan, ya raba wa masu sitonsa wayoyi. Kullum da yamma yana kishingiɗe yana duba waya, lissafi yana daidaita cif. Sai da aka zo zubin kankaren bene siminti ya yanke a tsakiyar aiki, alhali waya tana nuna saura sama da buhu ɗari. Mai siton da yake karkatar da kayan shi ne mai shigar da lambobin. Da can da ake rubutu a littafi, direba yana sa hannu, mai sito yana sa hannu, shugaban leburori ya gani. Da waya ta zo sai aka bar mutum ɗaya da allo, maigida kuma ya daina leƙa sito don ya yarda da abin da yake gani. Asararsa ta fi ta da.

Yanzu in tambaye ka abin da ya fi tayar mini da hankali. Da sunan wa aka yi rajistar inda ake ajiye bayanan? Imel ɗin wa? Katin bankin wa ake cira? Asalin rubutun manhajar, wanda da shi kaɗai ake iya gyara ta, yana hannun wa? Na tabbata amsar duka huɗun ɗaya ce: yaron. To ka sani, dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 tana kare manhaja kamar yadda take kare rubutun marubuci, kuma mallakarta ba ta tashi daga hannun wanda ya rubuta ta koma hannun wani sai a rubuce. Biyan kuɗi kawai bai isa ya sa ka kwana da tabbacin taka ce ba. Kana kiranta "tawa ta kaina", amma yau in kuka saɓa, ko kalmar sirrin shiga ba ka da ita.

Ba ma sai an saɓa ba. Wani da na ba shawara a baya, ɗan abokinsa ne ya yi masa tasa manhajar, kuma ta yi aiki daidai gwargwado. Yaron ya samu aiki a Legas ya tafi, abin farin ciki ne. Katin da ake cire kuɗin ajiya ya daina aiki, saƙonnin gargaɗi suna shiga imel ɗin yaron ba ya dubawa, har kamfanin ya rufe asusun. A daidai lokacin mai aikin yana jayayya da wanda ya ba shi kwangila a kan ƙarin aikin da aka sa shi, kuma duk shaidarsa, ranaku da hotuna da adadin kaya, tana cikin abin da aka rufe. Ya haƙura da kuɗin. Da ya nemo wani ya tashi manhajar, sai wancan ya duba ya ce ba zai iya bin rubutun wani ba, gara a fara sabuwa. Wannan amsa za ka ji daga kusan duk wanda ka kai wa aikin da wani ya bari babu bayani.

Ka kuma lura da N60,000 ɗin nan ta wata-wata. N720,000 ke nan a shekara, kuma ba za ta tsaya a nan ba, don manyan kamfanonin ajiyar bayanai da dala suke karɓa. Ka tuna kafin Yunin 2023 dala tana wajen N460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haye N1,500. Wannan kuɗin ajiya ne kawai, ba a zo gyara ba. Google yakan tilasta wa masu manhaja su sabunta ta don ta dace da sababbin wayoyi. Gwamnati tana sauya haraji: na kayayyaki ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 a Fabrairun 2020, wanda ake cirewa daga kuɗin kwangila shi ma an sake masa fasali a farkon 2025. Duk sauyi irin wannan sai an taɓa manhaja. Mai amfani da manhajojin lissafi da ake haya, irin su QuickBooks ko Sage ko Zoho, yana raba wannan nauyi da dubban mutane, kuma in akwai kuskure wani ya riga shi cin karo da shi an gyara. Kai kuwa kai kaɗai ne mai biya, kuma a kan kuɗinka za a gano kowane kuskure. A ƙiyasina, wanda ya yi manhajar kansa ya shirya kashe kwatankwacin kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin ƙera ta duk shekara, in yana so ta ci gaba da numfashi. Wannan ba ciwon ƙananan 'yan kasuwa ba ne kaɗai. Kamfanin kantunan Lidl na Jamus ya shafe wajen shekara bakwai yana lanƙwasa wata babbar manhaja don ta bi tsohon tsarinsa na lissafin kaya, a 2018 ya watsar bayan ya kashe kimanin yuro miliyan 500.

Maganar sayar wa 'yan kwangilar Kaduna da Kano kuwa, Alhaji, kallon kitse kuke yi wa rogo, kuma ba na son ka ƙara ɓata dare a kanta. Abin da bai riƙe lissafin katangar makaranta ɗaya ba, wa zai saya? Manhajar da aka ɗinka a kan ɗabi'unka ba za ta shiga jikin wani ba, sai an sake yanka. Sayar da manhaja sana'a ce daban mai son ma'aikata masu amsa waya dare da rana, masu koyarwa, masu talla, da jarin da zai jure shekaru ba riba. Ka ƙirga abokan sana'arka a Zariya, ka gaya mini nawa ne za su yarda su zuba farashin da suke sayen kaya da ribar da suke ci a cikin manhajar da abokin takararsu ke riƙe da makullinta. Miliyan 1.5 ɗin da ake nema ta kai buhun siminti 150 in ana sayar da buhu N10,000. Ka san abin da buhu 150 yake yi a wurin gini.

Ga abin da za ka yi. Ka kira yaron, ka zaunar da shi tare da mutum na uku da ya san aikin kwamfuta kuma ba dangi ba ne, ka biya shi kuɗin zamansa. A buɗe manhajar a gabanku, a rubuta abin da yake aiki da wanda ba ya yi. Kafin a tashi, a mayar da rajistar ajiya da imel da kalmomin sirri sunan kamfaninka, a ba ka kwafin asalin rubutun, yaron ya sa hannu cewa ya miƙa maka mallaka. Wannan ba ya jiran ƙarin kuɗi, miliyan 3 ɗinka ta riga ta biya shi. In mutum na ukun ya ce akwai abin ceto, ku zaɓi abu biyu kacal, shigar kaya da fitarsu, sai biyan ma'aikata. A rubuta su a shafi ɗaya ko biyu da ranar gamawa, a biya bayan mai sitonka na Dakace ya yi aiki da ita wata guda, a wayarsa, a inda sabis ke ɗaukewa. In ya ce babu abin ceto, ka tsaya a nan. Miliyan 3 ta riga ta tafi, kada ka tura mata 'yar rakiya.

Ɓacewar kaya kuwa, wadda ita ce ta kai ka ga wannan duka, maganinta bai kai N50,000 ba. Ka je wurin masu buga takardu ka sa a yi maka littafin karɓa da fitar da kaya mai kwafi uku da lambobi a jere, ɗaya na direba, ɗaya na sito, ɗaya naka. Ko buhu ɗaya kada ya motsa daga Hanwa zuwa Dakace ba takarda, ko da kai ne ka buga waya, don na san maigida ne yake fara karya irin wannan doka. Duk yamma a ɗauki hoton shafin ranar a turo maka ta WhatsApp, akawunka ya shigar a manhajar lissafi ta Excel. Sau ɗaya a mako, a ranar da ba ka sanar ba, ka shiga sito da kanka ka ƙirga buhu, ka ƙirga buhunan da aka zazzage, ka gwada da bulon da aka ɗora. In ka riƙe wannan wata shida, za ka san ainihin abin da kake so manhaja ta yi maka, kuma akwai yiwuwar ka tarar wadda ake haya ta wata-wata ta wadatar.

Saura ƙanwarka. Kada ka bari ta ji labari a bakin ɗanta. Ka je gidanta da kanka kafin zaman, ka gaya mata ba ka zargin yaron da komai, takarda za a yi don kada wata rana 'ya'yanka da nata su tsaya gaban alƙali a kan abin da ba a rubuta ba. In za ta yarda, ka ce mijinta ko wani babba a gidan ya zo ya zama shaida, shi ma ya sa hannu.