Ku Tambayi Injiniya: Inji yana lafiya, me zai sa in biya kuɗin sabis?

Assalamu alaikum. Ina da ɗakin sanyi a Asafo, muna ajiye kifi da kaji katan-katan. Mai gyaranmu yana so ya riƙa zuwa duk wata yana dubawa, in biya shi ko da babu abin da ya lalace. Ni kuwa ina ganin wanda ba ya ciwo ba a saya masa magani. Ko cin kuɗi ne kawai? — Wani Alhaji, Aboabo, Kumasi

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ɗauki takarda ka rubuta abu huɗu: kuɗin kayan da ke ɗakin ranar da ya cika, cinikin kwanakin da za ka rasa kafin a samo kwamfuresa, wato injin da ke matsa gas ɗin sanyi, daidai da taka (idan babu a Kumasi sai an aika Accra ko Tema), hayar wani ɗakin da motar da za ta kwashe kifin, da kuɗin kwamfuresar da gas ɗinta. Haɗa su, ka ajiye kusa da abin da mai gyaran zai karɓa a shekara. Sau da yawa kuɗin kwamfuresar bai kai rabin asarar ba, kifin da ya narke shi ne babbar ɓarna.

Kwamfuresa ba ta cika mutuwa don tsufa ba, zafi ke kashe ta, kuma zafin daga kondensa yake farawa, wato akwatin da ke waje mai fanka da siraran faranti. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana liƙe tsakanin farantan kamar tabarma, ga leda, ga yanar gizo. Zafi ya rasa mafita, kwamfuresa ta riƙa jan wuta fiye da ƙima, mitar kamfanin wuta na ECG na gudu, wayoyin koyil, wato naɗin wayar da ke cikin motar kwamfuresa, na dahuwa. Ƙa'idar masu lantarki ita ce duk ƙarin zafi na digiri 10 a kan abin da aka ƙayyade wa koyil yana rage rabin rayuwarsa. Wannan aikin ba sai an kira kowa ba. Yaron shago ya kashe bireka, ya bi farantan da buroshi mai laushi ta yadda suke a jere, ya watsa ruwa a hankali daga ciki zuwa waje. Kada ya kawo injin wankin mota, zai lanƙwashe su. A hunturu duk mako biyu, sauran shekara sau ɗaya a wata.

Sai robar ƙofa. Sa takardar sidi a bakin ƙofar ka rufe a kanta, ka ja. Idan ta zare ba gardama, robar ta mutu a wurin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: iskar Kumasi mai laima tana kutsawa ta nan, ta zama ƙanƙara a kan injin da ke ciki, ta toshe hanyar iska. Daga nan gas ya riƙa komawa kwamfuresa yana ruwa-ruwa, ya wanke mata mai, ya fasa bawul. Kuma ka hana yara sarar ƙanƙarar da wuƙa, huda bututu ɗaya ya isa ya zubar da gas duka.

Ta wajen wuta akwai ƙananan na'urori biyu da ya kamata ka tambaya ko an sa maka. Ɗaya tana yanke wuta idan layi ɗaya cikin layukan wuta uku da ke shiga injin ya ɗauke, don motar lantarki mai layi uku in ta rage kan biyu gurnani za ta yi, cikin ɗan lokaci ta ƙone. Ɗayar tana hana kwamfuresa tashi sai bayan minti 3 zuwa 5 da dawowar wuta. Waɗanda suka ga dumsor, wato yawan ɗauke wuta, na 2014 da 2015 sun san amfaninsu.

A ganinmu duk wata ya yi yawa matuƙar yaranka na wanke kondensa. Duk wata uku ya isa, amma da sharaɗi: ya rubuta a littafi abin da ya auna, wato amfiya nawa kowane layi ke ja idan an gwada da abin da ke rubuce a jikin injin, matsin gas, man kwamfuresa a ɗan gilashinta, da sanyin ɗaki, wanda bai kamata ya gaza digiri 18 ƙasa da sifili ba. Idan kuwa duk zuwa sai ya ce "gas ya yi ƙasa, a ƙara", to nan cin kuɗin yake. Gas ɗin ba ya ƙarewa kamar fetur, yoyo yake yi, a nemo wurin a liƙe.

Muna da janareta mai dizal, 60 kVA, a gidan baƙinmu. Tun da wuta ta ɗan daidaita ba mu cika kunna shi ba. Ranar da aka ɗauke wuta ya ƙi tashi, da ya tashi kuma sai wani baƙin mai ya riƙa ɗiga daga salansa. Ya lalace ne? — Manajan gidan baƙi, Asawase

Malam, bai lalace ba tukuna, zaman banza ne ya dame shi. Ƙin tashin daga batir yake mafi yawan lokuta. Batir da aka bari ba caji yana zubar da ƙarfinsa a hankali, in ya daɗe a haka ba ya sake karɓar caji sosai. A haɗa masa ƙaramar caja da ke aiki da wutar gida, a goge farin gishirin da ke taruwa a kan tashoshinsa, a shafa musu giris kaɗan. Ya kai shekara 2 zuwa 3, a canza shi ko da yana tayar da inji. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Baƙin abin da ke ɗiga kuwa dizal ne da bai ƙone ba ya haɗu da kunkunniya. Injin dizal da ake kunnawa don ƙwan fitila da firji ɗaya ba ya yin zafin da zai ƙone mansa duka, sai ya dasƙare a nozul da ringin fiston. Kada nauyin da ke kansa ya gaza kashi 30 cikin 100 na ƙarfinsa. Sau ɗaya a wata ku juya gidan duka kansa, da na'urorin sanyaya ɗaki da famfon rijiya, ya yi minti 30 zuwa awa ɗaya. Kunna shi minti biyar ba kaya a kai yana ƙara matsalar.

Wajen canza man inji da filtarsa kuwa, a bi mitar awoyi: yawancin irin waɗannan injina awa 250 ne, wasu 500, littafin injin zai faɗa. Ko bai cika awoyin ba, a juye shi duk shekara. Tankin dizal da ke rabi yana zufa daga ciki, ruwan ya kwanta a ƙasa, don haka a bar shi cike, a riƙa buɗe ɗan famfon da ke ƙarƙashin filtar dizal duk mako ruwan ya fita. Lagireto kuma ba a zuba masa ruwan rijiya zalla, yana haifar da tsatsa da ɓawo.

Ina da injin niƙa, masara da jiƙaƙƙen gero muke yi. Boris yana ƙonewa duk bayan 'yan watanni, alhali kullum da safe yaro yana ɗura masa giris. — Wata Hajiya, Sabon Zango

Hajiya, giris ɗin ne ya yi yawa. Boris da aka cika maƙil yana kaɗa giris ɗin har ya yi zafi ya narke ya tsiyaye. Kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin gidansa ya isa, kuma ba kullum ba. A goge bakin da tsumma kafin a ɗura, kada gari ya bi shi ciki, a kuma tsaya kan giris iri ɗaya, don wasu in sun haɗu tsinkewa suke yi.

Ki sa a duba bel. Masu niƙa suna son ɗaure shi tamau don kada ya yi ƙara, shi kuwa jan nan a kan boris yake ƙarewa. Idan tsakanin fule biyu mita ɗaya ne, danna tsakiyar bel ɗin da babban yatsa, ya kamata ya lotsa kamar santimita ɗaya da rabi. A miƙa zare a gefen fulen biyu, dole ya taɓa su a wuri huɗu, in ba haka ba motar da ke juya injin ta karkace. Ranar sa sabon boris kuma ki tsaya a kan bakaniken: wanda ya buga boris da guduma kai tsaye ya riga ya ji masa rauni kafin ya fara juyawa. In kin aika kasuwar kayan gyara ta Suame Magazine saye, a kai lambar da ke jikin tsohon, a saya wurin wanda zai karɓa in ya fito jabu.

Shin komai ne sai an yi masa jadawalin sabis? Wurin aikina ƙarami ne, katako muke fasawa. — Kafinta, Sokoban

A'a, Masta. Ƙwan fitila da fankar sama, bar su sai sun mutu. Kuɗinka ya tafi kan abin da in ya tsaya aiki duka ya tsaya, da abin da zai iya tayar da gobara. A wurinka na biyun shi ne akwatin wuta. Noti ɗaya ya saki, wayar ta riƙa zafi, ga garin katako ya cika akwatin. Duk wata shida a kashe babban bireka, mai lantarki da ke da lasisi ya share ƙurar, ya ɗaure kowace waya, ya canza duk wadda robarta ta yi baƙi ko take warin ƙuna. In kana da injin matsa iska, tankinsa kuma a buɗe famfon ƙasansa duk yamma kafin a tashi, ruwan da ya taru ya fita, don daga ciki tsatsa ke cinsa.