DVD tana karanta VCD amma ta ƙi faifan DVD: amsar maigida ga yaron shagonsa

Tambayar ta fito ne daga wani yaro mai koyon gyaran rediyo da talabijin a Tudun Wada, Kaduna: "Maigida, na'urar DVD ɗin da aka kawo jiya tana karanta faifan sauti da na VCD, amma da an saka mata faifan DVD sai ta rubuta No Disc. Ni kuma na duba faifan, sumul yake kamar madubi, ban ga inda hoto da murya suke ɓuya ba. Yaya take karantawa? In je in sayo sabon ido?"

Ajiye kuɗin ido tukuna, ɗana. Bari ka san abin da idon, wato ɓangaren da ke karanta faifai da haske, yake nema, sannan ka yanke masa hukunci.

Faifan nan da kake gani sumul, ba sumul ba ne. Faɗinsa santimita 12, kaurinsa milimita 1.2, roba ce mai haske kamar gilashi. A jikin robar an danna wasu 'yan ramuka ƙanana a jere, aka shafe su da siririn alminiyom don haske ya riƙa dawowa, aka rufe da fenti, aka buga suna a kai. Ramukan layi ɗaya ne tak, ya nannaɗe kamar koyil ɗin maganin sauro, ya faro daga tsakiya ya nufi baki. A faifan CD, da za a warware layin nan zai haura kilomita 5. Tsakanin zagaye da zagaye maikiron 1.6 ne, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, wato silin gashi ɗaya zai rufe zagaye fiye da talatin. Launin bakan gizo da kake gani idan ka karkata faifai a rana, waɗannan layukan ne ke rarraba hasken.

Ido yana harba hasken lesa daga ƙasa, ya ratsa robar, ya bugi alminiyom, ya dawo kan wasu 'yan na'urorin jin haske da ke cikin idon. Inda wuri yake a shimfiɗe, haske na dawowa da ƙarfi. Inda rami yake, sai ya dusashe. Duk lokacin da aka tashi daga shimfiɗa aka shiga rami, ko aka fita daga rami, na'urar tana ƙirga 1, tsawon da ke tsakani kuma sifili ne a jere. Ke nan babu hoto a faifai, babu murya, lambobi ne zalla. A faifan sauti an auna muryar sau 44,100 a kowace daƙiƙa, na dama daban, na hagu daban. Shi kuwa hoto sai an matse shi kafin ya shiga: VCD da tsarin MPEG-1, DVD da MPEG-2, babbar IC, wato ƙwaƙwalwar na'urar da ke kan bod, ita ke warware matsin. Shi ya sa faifai in ya lalace hoto ba ya yin yayyafi irin na kaset ɗin bidiyo. Tsayawa yake cak, ko ya farfashe gida-gida, don lambobin wurin sun ɓace.

To ga inda amsarka take. Philips da Sony ne suka fito da CD a 1982, lesarsa mai tsawon zango nanomita 780 ce (nanomita kashi ɗaya ne cikin dubu na maikiron), da ƙyar idon mutum ke ganinta. VCD da ya zo a 1993 faifan CD ne aka zuba wa hoto, lesarsu ɗaya. DVD kuwa ya shiga kasuwa a Japan a 1996 da ramuka ƙanana da layuka a matse, maikiron 0.74 tsakaninsu, don haka yake ɗaukar gigabait 4.7 inda CD ke tsayawa a megabait 700. Hasken CD ya yi wa waɗannan ramuka kauri, sai aka ba shi jar lesa mai nanomita 650. Saboda haka a cikin idon DVD akwai lesa biyu, kowace da aikinta. Ta DVD tana iya gajiya ta bar ta CD garau, kuma abin da na'urarka ke nunawa ya yi kama da haka. Amma kama ba tabbas ba ne, domin akwai abu uku masu arha da ke kawo wannan ciwon, kuma dukkansu faifan DVD suke fara kayarwa.

Na farko ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yana shiga kowace na'ura a garin nan, ko da an lulluɓe ta. Tunda ramukan DVD sun fi ƙanƙanta, 'yar ƙurar da CD zai jure ita ke makantar da shi. Ka ɗauki tsinken auduga, ka ɗan jiƙa shi da sifirit, kada ya yi ɗiga, ka shafa gilashin ido a hankali, ka bi da busasshen gefen. Kada ka danna. Gilashin yana rataye ne a kan wasu siraran wayoyi, in ɗaya ta lanƙwashe saitin ya tafi ke nan. Fetur ko tina kada su kusanci wurin, gilashin roba ne, zai yi hazo har abada.

Na biyu moton da ke juya faifai, kuma shi ne yara suka fi tsallakewa. CD yana juyawa wajen sau 500 a minti idan ido na tsakiya, ya sauko kusan 200 a baki. DVD yana farawa wajen 1,400 ya sauko kusan 600. Moton da baƙin gawayi ya taru a cikinsa zai iya kai gudun CD, amma ya kasa kai na DVD. Alamarsa ita ce faifai ya tashi da nawa, ko sai ka tura shi da yatsa, ko IC ɗin da ke tuƙa moton ta yi zafin da ba za ka iya ɗora yatsa ba. Zare wayarsa, ɗora mita a om, wato ma'aunin turjiyar wuta, ka juya sandar a hankali. In ƙidayar tana faɗuwa kusa da sifili a wani wuri, moton ne. Kuɗinsa bai kai na ido ba.

Na uku wuta. Auna layin bolt 5 yayin da faifai ke ƙoƙarin tashi, ba lokacin da na'urar ke zaune kawai ba. In ya nutse, duba kafasitocin da ke gefen fitar wuta, galibi masu maikirofarad 1000 ko 470, ka canza duk wanda kansa ya kumbura. Hawa da saukar wuta da janareto suna cin su sosai. Ka kiyayi babban kafasitan da ke gefen shigar wuta, yana riƙe bolt kusan 300 ko bayan an zare soket.

Yanzu buɗe murfin ka kalli yadda take tashi, don kowace DVD jerin aikinta ɗaya ne. Tire ya shige. Ido ya gangara tsakiya har ya taɓa ɗan makunnin iyaka. Lesa ta kama. Gilashin ya hau ya sauka sau biyu ko uku yana neman fuskar faifai. In ya samu, moto ya tashi, na'urar ta karanta jadawalin da ke farkon faifai, sannan lamba ta fito. Inda jerin ya tsaya, nan ciwon yake. Tire ya ƙi shiga ko fita, bel ne ya saki. Ido bai motsa ba, duba moton da ke jansa da haƙoran giya da busasshen giris a kan sandunansa. Gilashin bai hau ya sauka ba, ko yana yi wani lokaci ya bari, zargi ribon, wato faffaɗar wayar da ta haɗa ido da bod, domin yana lanƙwasawa duk tafiyar ido har layukansa su tsage. Jan hasken kuma ka duba shi daga gefe, kada ka taɓa leƙa shi kai tsaye. Na CD da ba ya ganuwa sosai, kyamarar waya tana nuna shi.

Sai waɗannan duka sun wuce, jan hasken kuma ya fito a dusashe, sannan a ce ido ne. A bayansa akwai 'yan saitin ƙarfin lesa biyu, ɗaya na CD ɗaya na DVD. Wasu suna murɗa su da ka, ni ban yarda da wannan ba. In za ka taɓa, auna om ɗin na DVD ka rubuta, ka rage abin da bai wuce kashi goma cikin ɗari ba, kuma ka gaya wa mai kaya gaskiya cewa aron lokaci ne, don ƙarin wuta yana gaggauta mutuwar lesa. In sabo za ka sayo a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, tafi da tsohon a hannu ka daidaita lambar jikinsa, KHM-313 ne ko SF-HD65 ko wani, domin suna kama da juna amma ba sa shiga wa juna. Sabon ido yana zuwa da ɗigon dalma da aka haɗe ƙafafun lesa da shi don kariya. Ka jona ribon tukuna, sannan ka cire dalmar da ayan ɗin narka dalma da ka zare daga wuta. In ka manta da ita, sabon ma No Disc zai rubuta.

Kada kuma ka gwada da faifan mai kaya shi kaɗai. Faifan da aka kwafa a kwamfuta ba shi da ramukan gaske, rini ne lesa ta ƙona, haskensa bai kai na kamfani ba, kuma rana tana kashe shi. Karcen da ya taso daga tsakiya zuwa baki na'urar tana iya cike gurbinsa, amma wanda ya bi zagaye yana share lambobi masu yawa a jere, shi ya sa ake goge faifai daga tsakiya zuwa waje da ƙyalle mai laushi. CD kuma ya fi jin rauni ta saman da aka yi rubutu, don alminiyom ɗin yana ƙarƙashin fentin nan kai tsaye, alhali na DVD yana tsakiyar roba biyu masu kaurin milimita 0.6 da aka manne.

Ɗauko faifan DVD na kamfani mai tsabta daga aljihun tebur, ka goge idon, ka kunna ta a buɗe, ka zo ka gaya mini a wane mataki ta tsaya.