Amsa ga Malamar da matan ajinta suka yi shiru

Wa'alaikumus salam Malama. Na ga tambayarki, cewa kun fara karanta Magana Jari Ce a ajinku na manyan mata, amma da kin ce a tattauna sai kowa ta sunkuyar da kai, har wasu sun daina zuwa. Wallahi kamar da ni kike. Ni ma na zauna a irin wannan aji a ƙauyenmu can wajen Ringim, kuma ina cikin waɗanda suka taɓa ɗauke ƙafa.

Kin ce kina bi layi-layi kowa ta karanta a bayyane. Don Allah ki dakatar da wannan tukuna. Mu wani malami aka kawo mana, yaro ne, na girme shi nesa ba kusa ba. Ranar ya miƙo min littafin ya ce in tashi tsaye in karanta. Ga rubutun ƙanana, ga takardar ta yi ja don tsufa, hannuna yana rawa. Na kai wata doguwar kalma na tsaya ina haɗa baƙaƙen a zuci, sai ya buga tebur ya ce 'yata da ke aji uku ta fi ni, in zauna kada in ɓata masa lokaci. A gaban kishiyata ya faɗa, da matar ƙanin mijina, da yarinyar da ni na yi wa uwarta wankan jego. Wasu suka yi dariya. Ban ga laifinsu ba, tsoro ne, kowa na gudun kada a zo kanta. Amma shi har yau in na hango shi a kasuwa sai gabana ya faɗi. Ko haƙuri bai taɓa ba ni ba. Na koma gida na zauna a bakin murhu ina hura wuta ina kuka, yara suna tsammanin hayaƙi ne. Mace mai jikoki, ta bar surfe da wanke-wanke ta zo neman abin da aka hana ta tun tana yarinya, a yi mata haka?

Wadda ta dawo da ni wata malama ce da ta zo bayansa, Allah Ya saka mata da alheri. Ita takan fara karanta labarin gaba ɗaya da bakinta, da canza murya, mu kuma littafi a rufe. Daga nan ta ce wata ta maimaita shi yadda ta ji. To nan fa baki yake buɗewa, don ba wadda ba ta iya ba da labari ba, da tatsuniya muka tashi. Sai an gama surutu sannan a buɗe littafi, mu biyu-biyu, kowa da wadda ta saba da ita, a karanta 'yan layuka a hankali.

Kuma ki daina tambayar darasin da ke cikin labari, wannan tambayar jarrabawa ce, tana kashe jiki. Ranar da aka karanta mana Kalala da Kalalatu, cewa kawai ta yi, da ke ce kika cinye kajin da aka soya wa baƙo, me za ki gaya wa maigida? Malama, har aka kira magariba ba mu tashi ba. Wata ta ce Kalalatu maƙaryaciya ce, wata ta ce laifin mazan da suke fifita baƙo ne a bar mai girki da ƙanshi. Wata tsohuwa da ba ta taɓa cewa uffan ba ita ta fi kowa zafi.

Ki duba idanunsu ma. Da yawa ba rashin iyawa ba ne, gani ne ya ragu, kunya ta hana su faɗa. Ni sai da na sami tabarau. In da hali ki kai shafin a ɗauko hotonsa a ƙara girman rubutun. Kada ki sa aji ranar kasuwa, kuma da damina ta kankama ko an shiga girbi ki rage, ba gudunki suke ba. Bayan la'asar ya fi mana.

Ki tsaya a littafi na ɗaya cikin ukun, inda aku yake riƙe Musa ɗan Sarki da labarai dare bayan dare don kada ya fita. Gajeru ne, zama ɗaya ya isa. Ruwan Bagaja ki bar shi sai gaba, yana da tsawo, wadda ta yi fashi sau ɗaya ta ɓace. Abin yana ba ni mamaki, Abubakar Imam ya fitar da Magana Jari Ce tun 1937, amma Hausarsa kamar kakata ce ke magana. Babarmu ta yi yaƙi da jahilci zamanin Rimi, ba ta kai ga karanta shi ba Allah Ya yi mata rasuwa, ina tuna ta duk sanda na buɗe shi.

Waɗanda suka daina zuwa kuwa, kada ki aika yaro. Ki sa mayafinki ki je gidajensu da kanki, ki gaya musu ba wadda za a ƙara tsayarwa ta yi karatu sai ta ce tana so. Allah Ya dafa miki, ki sanar da mu yadda aka yi.