Zan raka Mama Indiya, sai na yi allurar taifod?

Salam Likita, dan Allah wata mai zuwa zan raka mahaifiyata asibiti Indiya, an ce min in yi allurar taifod kafin mu tashi, to ni kusan duk shekara sai an min gwajin Widal an ce ina da shi, ba jikina ya riga ya saba ba? Daga 'yar uwarku a Zariya.

Wa'alaikissalam 'yar uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Ki yi allurar, dan Allah kar ki yi wasa. Shi Widal ɗin nan da ake ta yi mana yana yawan nuna akwai taifod alhali babu, har maleriya kan sa ya nuna haka, gwajin da ake dogara da shi shine a ɗebi jini a raini ƙwayar cutar a lab. Kuma ko da taifod ɗin gaske kika taɓa yi, yana iya sake kama ki.

Allurar guda ɗaya ce a dantse, amma ki yi ta aƙalla sati 2 kafin tafiya don jiki ya samu ya shirya, kar ki bari sai ana haɗa akwati. Tana aiki shekara 2 zuwa 3. Kuma daban take da ta zazzaɓin shawara da ake ba da katin yalo, mutane da yawa suna ɗauka ɗaya ne.

Abin da ya fi damuna shine kariyarta ba cikakkiya bace, tsakanin kashi 50 zuwa 80 ne cikin ɗari, sannan akwai ɗan uwansa parataifod wanda ya yi yawa sosai a Indiya da maƙwabtanta, zazzaɓi iri ɗaya ciwon ciki iri ɗaya, kuma allurar bata tare shi. Ga shi tun 2016 aka samu wani nau'in taifod a lardin Sindh na Pakistan, maƙwabciyar Indiya, da ya daina jin yawancin magungunan da aka saba bayarwa.

Toh in kun isa can ruwan gora kawai, ki duba murfin ba a taɓa buɗe shi ba, ko brush da shi za ki yi. Ƙanƙara a lemo a'a. Salak da kankanar da aka yanka aka ajiye a tire ki haƙura, ki ci abinci yana tururi, ayaba ki ɓare da hannunki bayan kin wanke shi da sabulu.

In kun dawo zazzaɓi ya taso ko da bayan sati 3 ne, kar ki je kemis, ki je asibiti ki faɗa musu daga Indiya kike. Ita Mama kuwa a fara tambayar likitanta kafin a mata allurar.