Gani Nake Ni Sojan Gona Ce a Shirina na Podkas

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Shekara ɗaya da rabi ke nan ina gabatar da shirin podkas, ina gayyato likitoci da lauyoyi muna tattaunawa. Masu sauraro na yabawa, amma ni kullum gabana faɗuwa yake, gani nake wata rana asirina zai tonu a gane ban san komai ba. Gaisuwar buɗe shiri kaɗai sai in naɗe ta sau takwas, muryata ma ba na son ji. Wata ƙawata ta ba ni ƙwaya, ta ce in riƙa sha kafin in kunna makirfo. Na sha sau uku, kuma gaskiya na ji sauƙi. In ci gaba da sha, ko in haƙura da shirin?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, kada ki bar shirin. Ƙwayar ce za ki bari, kuma zan dawo kanta.

Abin da ke damunki tsohon abu ne. A 1978 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Pauline Clance da Suzanne Imes, na Jami'ar Jihar Jojiya a Amurka, suka rubuta a kansa bayan sun yi aiki da mata sama da 150 da suka yi zarra a karatu da aiki, amma kowacce a ranta gani take sa'a ce ta kai ta. Daga baya aka gano maza ma ba su tsira ba. Ba ya cikin jerin cututtukan ƙwaƙwalwa da likitoci ke aiki da shi, don haka babu wata ƙwaya da aka yi dominsa.

Batun murya mai sauƙi ne. Idan kina magana, sautin na isa kunnenki ta iska da kuma ta ƙasusuwan kai, shi ya sa kike jin sa da kauri. Wanda aka naɗa ta iska kawai yake zuwa, sai ki ji shi siriri kamar na baƙuwa. Waccan "baƙuwar" muryar ita kowa ya san ki da ita tun kina yarinya. Shi kuma rashin sani, ai ba ke ce likitar ba. Kujerarki ta mai tambaya ce, kina wakiltar mai sauraron da bai sani ba.

To, ƙwaya. Kusan kullum sai na haɗu da wannan tunanin, cewa fargaba wata datti ce da ake wankewa da magani kafin a hau aiki. Mai gabatar da shiri, mai jawabi a taro, ɗalibi mai jarrabawar baka, duk labarin ɗaya ne: "wani ne ya ba ni." Wanin nan bai tambaye ki ko kina da asma ba, bai auna bugun zuciyarki ba, ko sunan maganin bai iya faɗa daidai ba. Ke ma ba ki faɗa mini sunan taki ba, ina kyautata zaton a ɓare aka miƙo miki ita, babu kwali. Idan diazepam ce ko danginta, makonni kaɗan na sha a jere sun isa jiki ya saba, ga ta da dushe tunani, alhali aikinki shi ne ki kama maganar baƙo ki jefa masa tambaya ta gaba. Idan tramadol ce, maganin ciwo ce mai kama jiki, tana iya jawo farfaɗiya. Ko propranolol, da likitoci kan rubuta wa wasu saboda rawar hannu da bugun zuciya, tana iya shaƙe mai asma. Abin haushi, masu raba wannan shawara da ƙarfin gwiwa suke yi, wanda mu da muka karanta abin ba mu da shi.

Amma illar da ta fi damuna ba a jiki take ba. Mai irin damuwarki duk nasarar da ya samu sai ya ba wani abu ladan: sa'a, kirkin baƙo, dare ukun da ya kwana shiri. Yanzu kin ƙara wa jerin ƙwaya. Shirye-shirye ukun nan da suka yi kyau, zuciyarki ta riga ta rubuta su da sunan magani. Ranar da babu ita a jaka, fargabar za ta ninka, kin ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Sau uku kika sha, ki tsaya haka nan. Wanda ya yi makonni yana sha kullum kuwa kada ya yanke lokaci ɗaya, ya je likita ya rage masa a hankali.

Ga abin da nake sa masu zuwa wurina su yi. Gaisuwar buɗewa sau biyu kawai za ki naɗa, ki ɗauki ɗaya ko da kin yi tuntuɓen harshe. Kada ki saurari shirin ranar da kika naɗa, bari ya kwana biyu. Sannan ki ɗauki biro ki rubuta minti nawa ne daidai kika yi kuskure, da mene ne kuskuren. "Shirin bai yi ba" ba amsa ba ce. Yawanci takardar kan ƙare da layi biyu ko uku, irin su sunan baƙo da aka faɗa ba daidai ba a minti na 14. Wannan kuwa gyaruwa yake. Kuma a shiri na gaba, da gangan ki ce wa baƙonki, "Dakta, ban gane nan ba, maimaita mana." Ki lura da fuskarsa, za ki ga daɗi ya ji.

Idan fargabar ta fara hana ki barci ko cin abinci, ko ta bi ki har wuraren da babu makirfo, ko kika yi mako biyu komai ya fita daga ranki, ki ga likitan ƙwaƙwalwa ido da ido. Ki tafi masa da sauran ƙwayar a hannu, ya ga ko mece ce.