Gauraka biyu da aka karɓe a hanyar Illela

Malam, na karanta bayaninka. Ka sayo gauraka biyu a kasuwar Birnin Ƙonni, jami'ai suka tare ka a hanyar Illela suka karɓe su, yanzu kana son kai ƙara domin kiwon tsuntsaye sana'ar gidanku ce tun kakanni, kuma ka ji ana gyaran doka don a sassauta wa mutanen karkara.

Ban ga takardunka ba, don haka abin da zan faɗa ya dogara ga yadda ka ba da labarin. Amma a nan kuskuren yake: biyan kuɗi da gadon sana'a ba sa halatta mallakar dabbar da doka ta killace. Dokar tarayya ta 1985 kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta kasa su gida biyu, waɗanda aka hana farautarsu da cinikinsu kwata-kwata, da waɗanda sai da lasisi. Ba ta keɓe ɗan gado ba. Ga kuma yarjejeniyar CITES ta duniya kan cinikin namun daji da tsirrai, da Najeriya da Nijar duk suka shiga, wadda a 2019 ta mayar da gauraka cikin rukunin da aka haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe. Ƙonni kuwa Nijar take, ko da muna ganinta kamar bayan gida. Tsallakowar da ka yi da su ita ce ta fi nauyi a kanka.

Batun gyaran doka, ina jin an ba ka labari a juye. Gyaran 2016 kuɗin tara ya ɗaga, daga naira 1,000 zuwa miliyoyi. Ƙudirin da aka kai Majalisar Wakilai a 2024 ma ƙarin tsanani ya nufa. Ni kaina ina ganin akwai rashin adalci a tsananta hukunci ba tare da an je ƙauyuka an yi wa mafarauta da masu maganin gargajiya bayani da Hausa ba, har mutum ya fara jin doka a bakin shinge. Sai dai kotu ba ta karɓar rashin sani a matsayin uzuri.

Inda kake da abin faɗa shi ne yadda aka yi kamun. Ka ce ba a ba ka ko takardar shaida ba, wani ma ya nemi na goro. In haka ne, wannan ba aikin hukuma ba ne, kuma kana iya rubuta koke ga ofishinsu na Sakkwato. Kada ka ba kowa ko kwabo.

Ƙara fa? Irin wannan shari'a Babbar Kotun Tarayya take zuwa, ba kotun alƙali ba, kuma da bakinka za ka amsa cewa kai ka shigo da tsuntsayen. Da wuya a mayar maka da su, mai yiwuwa ma ka koma wanda ake tuhuma.

Shawarata ka bi ta hannun hakiminku da sarkin mafarauta, ku je sashen gandun daji na ma'aikatar muhalli ta jiha, a zauna. In akwai sauran gauraka a gida, ka bari lauya ya fara yi maka magana kafin ka bayyana su. Kuɗinka kuma, dillalin da ya haɗa cinikin ya kamata a tuntuɓa ta wurin shugabannin kasuwa, domin da wuya a ce bai san abin da yake sayarwa ba.