Tambaya da Amsa: Haɗa Ƙararrawar Tsaro da Na'urorin Gida na Zamani

Wani mai karatu ya rubuto: "Akwatin ƙararrawar gidana DSC ne, ya tsufa. Ina so saƙo ya riƙa shigo min a wayar hannu idan jiniya ta tashi. Sai na sayi sabo?"

A'a, Malam, bar abinka a bango. Buɗe murfin ka bi jerin sukurorin, za ka ga inda aka rubuta PGM, wato mafitar da ake saita wa aikin da ake so. Ana saita wurin ya ba da alama idan jiniya ta tashi. Ƙarfinsa kaɗan ne, a wasu allunan miliamfiya 50 kacal, don haka ƙaramin rile mai volt 12, wato makunnin da wuta ke buɗewa da rufewa, ake jona masa, shi kuma rilen ya taɓo na'urar zamanin ta aiko maka saƙo. In kana son ganin kowace ƙofa da taga da sunanta, nemi Envisalink, ɗan allon da ke haɗa akwatin da intanet, ana jona shi a wayoyi huɗun da ke zuwa allon lambobi. Amma fa saita PGM ɗin sai kana da lambar sirrin wanda ya kafa akwatin. Nemo ta kafin ka kashe ko sisi.

Wani kuma ya ce: "Na ga makunni mai Wi-Fi mai arha. Zan iya sa shi ya riƙa kunna tsaro yana kashewa?"

To, nan ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ɗan'uwa, allon ƙararrawa da volt 12 yake rayuwa. Da yawa cikin makunnan nan, irin Sonoff Basic, an yi su ne don kunna fitila: wutar gida ce take shiga, ita ce kuma take fita, volt 110 zuwa 240. Ka jona wannan a layin ƙararrawa, sai ka ji tas, ka ji ƙauri, allo ya tafi. Abin da kake nema shi ne rilen da bakinsa ba ya ɗauke da wuta ko kaɗan, buɗewa da rufewa kawai yake yi. Shelly 1 yana haka, kuma yana aiki da volt 12.

Ko shi ma kada ka yarda da rubutun kwali. Kasuwar intanet cike take da jabu, marasa suna, marasa takardar bayani, hoton wani abu daban, kayan ciki daban. Ɗora mitar auna volt a bakin rilen, ka kunna ka kashe, ka ga sifili da idonka tukuna. Mamaki nake yi wa mutumin da ya zuba dukiya a gida, sannan ya miƙa tsaronta ga abin da ko sunan kamfani babu a jikinsa. Arha ba ta ado. Sannan kowane layin da ke zuwa ƙofa ko taga yana da ɗan rizista, wato abin rage gudun wuta, a ƙarshensa, 5.6k a DSC, 2k a Honeywell Vista. Da shi allon yake gane an yanke waya ko an haɗe ta. Masu gaggawa sukan yar da shi, ko su maƙala shi cikin akwatin, sai amfaninsa ya tafi.

Batun kashewa kuwa, ban yarda ba. Kunna tsaro daga nesa, bismilla. Kashewa da murya ta Alexa, na'urar da ke karɓar umarni da baki, ba tare da lambar sirri ba? Ai ɓarawo ma yana da baki, kuma taga ba ta hana murya shiga.

Wani kuma ya tambaya: "Tunda na haɗa da intanet, zan iya cire batirin akwatin?" Haba Malam. Intanet ke ba jiniya wuta?

Wata baiwar Allah ta ce ita kaɗai take kwana da yara, tun da aka yi haɗin take fargabar ranar da intanet zai yanke.

Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa. Idan an yi haɗin yadda na faɗa a sama, akwatin bai san da intanet ba, jiniya za ta yi kukanta. Saƙon wayar hannu ne kawai ba zai zo ba, don haka a sama wa rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, nata batirin, kada ɗaukewar wuta ta kashe ta. Na cikin akwatin kuma, mai volt 12, yakan gaji cikin shekara 3 zuwa 5. Ki sa a duba ranar da aka rubuta a jikinsa. Sannan wata rana da hantsi ki sanar da maƙwabta, ki kashe rauta, ki kunna tsaro, ki buɗe ƙofa ki ji da kunnenki.